Sharhi kan Manhajar iNaturalist, Bisa Gwajin da Na Yi Mata da Okid Mai Geza na Manitoba

Manhajojin da ke gane tsiro daga hoto sun yawaita a wayoyin mutane, kuma kusan kowace daga cikinsu tana iya faɗin sunan furen lambu ko itacen bakin titi ba tare da wahala ba, domin an riga an ɗauki hotunan irin waɗannan tsirrai ba adadi. Inda ake gane ingancin manhaja shi ne a kan tsiron da ba a cika ganinsa ba, wanda yake da ɗan'uwa mai kama da shi ƙwarai, kuma wanda bayyana wurin da yake tsirowa zai iya jawo masa lahani. A lardin Manitoba na ƙasar Kanada, inda nake zaune, akwai fure guda da ya cika waɗannan sharuɗɗa uku, wato farin okid (okid sunan wani babban dangin furanni ne) mai geza na yammacin filayen dogayen ciyawa, wanda masana tsirrai suke kira Platanthera praeclara. Da shi na auna iNaturalist, kuma hukuncina a kanta ya dogara ne a kan yadda ta yi da wannan fure.

Manhajar kyauta ce, kuma babu talla a cikinta. Ta samo asali ne a shekarar 2008 daga aikin digiri na biyu na wasu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, daga baya ta koma ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya a 2014, sannan ƙungiyar National Geographic ta shigo cikin tafiyar a 2017, kuma tun 2023 ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta wadda ba ta neman riba. Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Mutum yana ɗaukar hoton tsiro ko dabba, wayar ta haɗa hoton da rana da wurin da aka ɗauke shi, manhajar ta kawo jerin sunayen da take zato, sannan sauran masu amfani da ita, waɗanda a cikinsu akwai malaman jami'a da ma'aikatan gandun daji da masu sha'awa da suka daɗe a fagen, su duba su tabbatar ko su gyara. Idan aƙalla mutum biyu suka sa suna, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu sa sunan suka dace a kan nau'i ɗaya, sai a ɗaga bayanin zuwa matakin da ya cancanci bincike, daga nan kuma yana iya shiga rumbun bayanan halittu na duniya da ake kira GBIF.

Shi wannan okid, idan yana cikin fure, ba ya ɓoyuwa ga wanda ya iso kusa da shi. Kara ɗaya yake fitarwa a miƙe, wanda tsayinsa yakan kama daga santimita 40 zuwa sama da 80, da 'yan ganyaye masu tsini da suke rungume da karan suna ƙanƙancewa yayin da suke hawa sama. A ƙololuwar karan ake samun gungun furanni farare masu ɗan sirkin ruwan madara, waɗanda a kan tsiro mai ƙarfi sukan kai ashirin ko fiye. Abin da ya fi jan ido a kowane fure shi ne leɓensa na ƙasa, wanda ya rabu gida uku, kowane gida kuma ya tsattsage ya zama geza mai laushi. A bayan furen akwai wani siririn bututu mai lanƙwasa da yakan kai santimita 5, kuma a can ƙarshensa ne ruwan zaƙin furen yake taruwa. A Manitoba yana fure ne daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, saboda haka wanda ya zo a watan Mayu ko Agusta ba zai ga abin da na kwatanta ba.

Da irin wannan siffa a gabanta, manhajar tana yin aiki mai kyau. Hoton da na ɗauka na gungun furanni daga gefe, cikin hasken safiya, ya sa ta kawo sunan dangin Platanthera nan take, ta kuma ɗora praeclara a saman jerin. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta dogara da hoton kaɗai ba, tana kuma la'akari da irin halittun da ake tsammanin samu a yankin da aka ɗauki hoton, kuma ga wannan fure hakan yana da muhimmanci ƙwarai. Dalili kuwa shi ne yana da ɗan'uwa na gabas, Platanthera leucophaea, wanda suka yi kama har masana kansu suka daɗe suna ɗaukar su nau'i ɗaya, sai a shekarar 1986 Charles Sheviak da Marlin Bowles suka raba su. Na gabas ya fi yawa a gabashin kogin Mississippi da lardin Ontario, na yamma kuma yana yammacin kogin, daga Manitoba zuwa jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa da Iowa da Nebraska da Kansas da Missouri. Idan hoto ya fito daga kudancin Manitoba, sanin wurin ya riga ya warware mafi yawan matsalar. A jihar Iowa kuwa, inda ake samun nau'in biyu, wurin kaɗai ba ya isa, sai an duba furen da kyau.

Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin tsakiyar furen ne, kuma ya danganci yadda kowanne yake hulɗa da ƙwaron da ke yi masa barbara. Furannin na yamma sun fi girma, bututunsu ya fi tsawo, kuma maƙallai biyu masu danƙo da suke riƙe da ƙullin garin furen suna nesa da juna, suna fuskantar juna. Da dare furen yana fitar da ƙamshi, wanda yake jawo manyan malam-buɗe-littafin dare na dangin Sphingidae, masu dogon harshe da suke iya tsayawa a iska yayin da suke sha. Idan ƙwaron ya cusa kansa don harshensa ya kai ga ruwan zaƙin da ke ƙarshen bututun, sai maƙallan su manne a idanunsa, ya ɗauki garin ya kai wa fure na gaba. A wurin na gabas maƙallan suna kusa da juna, kuma a harshen ƙwaron suke mannewa. Wannan ɗan tazara na 'yan milimita ne ya raba nau'i biyu, kuma hoton da aka ɗauka daga nesa ba zai nuna shi ba. Saboda haka shawarata ga mai amfani da manhajar ita ce ya ɗauki fure ɗaya daga gaba sosai har a ga tsakiyarsa, ya ɗauki wani daga gefe don a ga tsawon bututun, sannan ya ɗauki tsiron gaba ɗaya tare da ciyawar da ke kewaye da shi. Manhajar tana ba da damar haɗa hotuna da dama a bayani ɗaya, kuma mutanen da za su tabbatar da sunan waɗannan hotunan suke bukata. Akwai ma wani okid mai geza, Platanthera lacera, wanda furanninsa ƙanana ne masu sirkin kore, kuma sabon shiga zai iya ruɗewa da shi idan ya dogara da hoto ɗaya mara haske.

A nan ne na ga inda ƙarfin iNaturalist yake da gaske. Zaton da na'ura take bayarwa mafari ne kawai, kuma yana zuwa da sauri har yana iya sa mutum ya karɓe shi ba tare da tunani ba. Mutanen da suke bin bayan na'urar su ne suke mayar da zato ya zama sani, domin suna iya tambayar mai hoto ko ya ga tsakiyar furen, suna iya ƙin amincewa su kuma faɗi dalilinsu, kuma duk wannan muhawara tana nan a rubuce a ƙarƙashin hoton don kowa ya karanta ya ƙaru. Manhajar da take ba da suna ɗaya ta yi shiru ba ta koya wa mai ita komai, wannan kuwa tana koyarwa, muddin mutum yana da haƙurin jira da karantawa.

Akwai iyakar da babu manhajar hoto da za ta iya ƙetarewa a kan wannan tsiro, kuma ya kamata mai saukar da ita ya san da haka tun farko. Ba kowace shekara kowane tsiro yake fure ba. Da yawa daga cikinsu ganye ɗaya zuwa uku kawai suke fitarwa a cikin ciyawa mai kauri, wasu kuma ba sa fitowa sama ko kaɗan a wannan shekarar. Ganyen da babu fure a kansa ba ya ba na'ura abin da za ta kama, kuma ko ƙwararre sai ya durƙusa ya duba sosai. Ƙamshin dare ma, wanda shi ne ginshiƙin rayuwar furen, ba ya shiga hoto, sai dai mutum ya rubuta shi a gurbin bayani.

Game da mazaunin tsiron, taswirar manhajar tana ba da hoto na gaba ɗaya wanda ya dace da abin da aka sani. Tsiro ne na filin dogayen ciyawa mai dausayi, inda ƙasa take da sinadarin farar ƙasa, ruwa yake kwanciya bayan narkewar ƙanƙara sannan ya janye a hankali. Bahaushen da ya san gefen fadama, wurin da ba tudu ba kuma ba cikin ruwa ba, ya riga ya fahimci irin wurin. Manyan tarukansa guda uku duk suna yankin da tsohon tafkin Agassiz ya taɓa rufewa ko gaɓarsa, wato katafaren tafkin ruwan ƙanƙara da ya tsiyaye kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Ɗaya yana filin ciyawa na ƙasa na Sheyenne a kudu maso gabashin Dakota ta Arewa, wanda Hukumar Gandun Daji ta Amurka take kula da shi, ɗaya yana arewa maso yammacin Minnesota, na ukun kuma, wanda shi ne mafi girma a duniya, yana kewayen garuruwan Vita da Stuartburn a Manitoba, kimanin kilomita 100 daga birnin Winnipeg. A duk faɗin Kanada nan ne kaɗai ake samunsa. Abin da ya rage na filin dogayen ciyawar Manitoba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yadda yake a da ba, mafi yawan sauran garma ta cinye. Wannan yanki ya tsira ne domin ƙasarsa tana da duwatsu kuma ruwa yana kwanciya a cikinta, har manoman da suka zo daga Yukren suka zauna a Stuartburn tun 1896 suka fi mayar da wurare da yawa makiyaya da wurin yankan ciyawa maimakon gona. A shekarar 1989 aka kafa wurin adana na Manitoba Tall Grass Prairie Preserve a nan, kuma ƙungiyar Nature Conservancy of Canada tana cikin masu riƙe da filayensa.

Wanda ya buɗe taswirar da niyyar ta kai shi har gindin furen zai tarar ba za ta yi masa haka ba, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke cikin manhajar. Ga halittun da ke cikin haɗari, irin wannan okid, iNaturalist tana ɓoye ainihin wurin da kanta. Abin da jama'a suke gani shi ne ɗigo da aka jefa a wani wuri cikin akwati mai faɗin digiri 0.2 ta kowane gefe, wanda a kudancin Manitoba ya kai kusan kilomita 22 daga kudu zuwa arewa da kusan 15 daga gabas zuwa yamma, kuma a maimakon cikakkiyar rana wata da shekara kawai ake nunawa. Mai hoton yana ganin wurinsa daidai, kuma yana da ikon buɗe shi ga wani mutum ko wani shirin bincike da ya amince da shi. Na san akwai masu ganin wannan tsari a matsayin tauye su, musamman wanda ya yi doguwar tafiya yana da kwana ɗaya kawai a hannunsa, kuma ina fahimtar damuwarsu. Duk da haka ina ganin manhajar ce take da gaskiya.

Matsayin tsiron a gaban doka ya isa hujja. Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1989. Kwamitin da ke tantance halittun da ke cikin haɗari a Kanada ya ayyana shi a matsayin mai fuskantar ɓacewa a 1993, dokar tarayyar Kanada da ta lardin Manitoba duk suna kare shi, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ma ta sa shi a rukunin masu fuskantar ɓacewa, kuma kamar sauran okid yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittu tsakanin ƙasashe. A jihohin Dakota ta Kudu da Oklahoma, inda aka taɓa samunsa, an daina ganinsa. Okid kuwa tsiro ne da yake jan masu tonewa su kai gida, kuma wannan nau'in ba ya jure haka, domin rayuwarsa a ɗaure take da wasu nau'o'in naman gwari da ke cikin ƙasar wurin. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, babu abincin ajiya a cikinsu, ba sa tsirowa sai naman gwarin ya shige su ya ciyar da su, kuma tsiron yana iya ɗaukar shekaru kafin ya yi furen farko. Wanda ya tone shi ya kai lambu ya kashe shi ne a hankali. Ko masu kyakkyawar niyya ma, idan ɗigo ɗaya a taswira ya tara su a wuri ɗaya, ƙafafunsu za su tattake ƙananan tsirran da ba su yi fure ba, waɗanda ba a ganinsu a cikin ciyawa. Ga kuma cewa wani kaso na tsirran yana kan filayen mutane ne, kuma manomin da baƙi suka fara kutsa masa shinge saboda wani fure ba zai ci gaba da kallon furen da idon rahama ba. Mai son ganinsa yana da hanya mai tsabta, wato ya tuntuɓi masu kula da wurin adanawa, ya bi hanyoyin ƙafa da suka buɗe wa baƙi, ya zo a farkon Yuli.

Inda nake son mai karatu ya yi hattara shi ne wajen fassara taswirar. Ɗigon da ke kanta suna nuna inda mutane masu waya suka bi ne, ba ƙidayar tsirrai ba ce. Wurin da ke kusa da hanya zai tara hotuna, fili mai nisa ko na wani manomi zai zauna babu ko ɗaya, ko da furen ya fi yawa a can. Bugu da ƙari, yawan masu fure yana hawa da sauka sosai daga shekara zuwa shekara gwargwadon ruwan sama da sanyin ƙarshen bazara, har ƙidayar da ake yi a Manitoba takan nuna 'yan dubbai kaɗan a wata shekara, a wata kuma ta haura 20,000. Wanda ya ga hotuna sun yi yawa a shekara mai albarka zai iya zaton tsiron ya fita daga haɗari, alhali abubuwan da suke cin sa ba sa fitowa a hoton fure. Magudanan da ake haƙawa don tsane gonaki suna sauke ruwan ƙasa. Wata baƙuwar ciyawa mai farin ruwa daga dangin Euphorbia, wadda ta shigo daga Turai da Asiya, tana mamaye makiyaya, maganin da ake fesa mata kuma yana iya taɓa okid ɗin. Yankan ciyawa a tsakiyar lokacin zafi yana sare karan kafin irin ya nuna a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Rashin wuta ma matsala ce, domin filin dogayen ciyawa ya saba da gobara da kiwon ɓauna, idan babu su sai itatuwa su rufe shi, shi ya sa masu kula da wurin suke cinna wuta da gangan a lokutan da suka zaɓa. Don sanin waɗannan dole a koma ga rahotannin hukumomin da suke ƙidaya a kafaffun wurare shekara bayan shekara.

Akwai gudummawa guda da nake ganin masu amfani da manhajar za su iya bayarwa fiye da ƙarin hoton furen, ita ce ɗaukar hoton ƙwarin da suke yi masa barbara. Binciken da aka yi a Manitoba ya nuna furanni kaɗan ne suke ɗaura 'ya'ya, kuma ƙarancin ziyarar malam-buɗe-littafin dare yana cikin dalilan da ake dubawa. Nau'o'i kamar Sphinx drupiferarum da Hyles gallii suna cikin waɗanda aka tabbatar suna ɗaukar garinsa a can. Waɗannan ƙwari suna zuwa wurin fitila da dare a ƙauyuka da gidajen gona, manhajar tana gane su da kyau domin zanen fikafikansu a bayyane yake, kuma kowane bayani mai rana da wuri yana ƙara haske a kan lokacin tashinsu da ko yana dacewa da lokacin furen.

Ta fuskar amfani a fili, manhajar tana ajiye hoto da wurinsa a waya ko da babu intanet, a tura daga baya idan an dawo gari, wanda yake da amfani a karkara inda layin waya yake rauni. Kunna na'urar gano wuri na tsawon yini yana cin batir, don haka ya kamata a tafi da abin caji. Ya kamata kuma a sa dogon wando da takalmin da ruwa ba ya shiga, domin lokacin furen lokacin sauro da kaska ne. Mai hoto yana da zaɓin irin lasisin da zai sa wa bayanansa da hotunansa, wato izinin yadda wasu za su iya amfani da su, kuma yana da kyau ya duba wannan saiti tun ranar farko, tunda shi ne yake yanke ko bayanansa za su isa rumbun bincike. Ga yara akwai ƙanwarta mai suna Seek, wadda ba ta bukatar buɗe asusu, sai dai ba ta da wancan taron masu tabbatarwa sai an haɗa ta da babbar manhajar.

Ina ba da shawarar iNaturalist ga ɗalibin ilimin tsirrai, da malamin makaranta, da duk wanda yake son ya san abin da ke tsirowa a inda yake, ko a Manitoba ne ko a Kano ko a Damagaram, tunda manhajar tana karɓar bayani daga ko'ina a duniya, tana kuma barin masu amfani su ƙara sunayen halittu a harshensu, har da Hausa. Wanda bukatarsa ita ce adireshin wani fure mai wuyar samu, wannan manhajar ba za ta biya masa ita ba, sai ya nemi ma'aikatan wurin adanawa a Stuartburn kafin watan Yuli ya kama.